Wane gam ne zai riƙe katakon ƙaramin jirgi a zafin Yamai?

Ɗan Yantala:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka san katako, kafintoci ko masu ƴan aikace-aikacen hannu.

Yayana da ke zaune a Faransa ya aiko mini da kwalin haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin na ajiya a kan tebur, ba na sakawa a ruwa ba. Samfurin Hermione ne, jirgin yaƙin da aka ƙera a Roshfor ta Faransa a 1779, wanda ya kai Lafayet, hafsan sojan Faransa, Amurka a 1780. A cikin kwalin akwai ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa, an riga an yanke su, sai siraran katakai dami biyu: farare masu ɗan kauri na shimfiɗar farko, da jajaye marasa kauri sam waɗanda ake rufe fararen da su. Akwai zare, akwai ƙyalle, akwai ƴan igwa na ƙarfe da ba su wuce gaɓar yatsa ba. Gam ne kawai babu.

Ƙashin baya da haƙarƙari sun haɗu lafiya lau. Wajen shimfiɗa fararen katakan ne aiki ya cije. Ina jiƙa su cikin ruwan zafi yadda hoton takardar ya nuna, in lanƙwasa, in ɗiga sufa gulu na mai tebur, in danne da yatsa. Wani ya kama nan take, wani in riƙe har hannuna ya gaji bai kama ba. Waɗanda suka kama ɗin ma, in an kwana biyu sai in tarar rata ta buɗe tsakaninsu har haske na wucewa. Wajen goshin jirgin wasu sun ɓalle da kansu, cikin dare ma na ji ƙarar ɗaya, tas. Ga wani farin gari da ke fitowa kewaye da inda na ɗiga gam ɗin, ga ido da hanci suna yaji.

Ɗakina na kwano ne, kuma kun san yadda watan Maris yake a garin nan. Wane gam zan nema? Guda ɗaya ya isa dukan aikin, ko kowane wuri da nasa? Igwa da zare fa? Abin da na riga na manna, in ɓare ko in ɗora a kai? Wani abokina ya ce in sayi gam ɗin masu gyaran takalmi in huta.

Baba Kafinta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni a kasuwar Katako nake, gadaje da akwatuna da kujerun makaranta ne sana'ata, amma na yi wa jikoki ƴan jirage, kuma katako halinsa ɗaya ne, babba ko ƙarami.

Ratar da kake gani ba gam ne ya buɗe ta ba, ruwa ne. Katako in ya sha ruwa ta faɗinsa yake kumbura, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ka manna shi yana jiƙe, da faɗin da ba nasa ba. Iskar Maris kuwa ba ta barin laima ko'ina, ta zuƙe ruwan, katakon ya tsuke kamar ɗanyar fata da aka shanya a rana. To ko dai ya bar rata tsakaninsa da ɗan uwansa, ko ya fizge kansa daga haƙarƙarin, ita ce ƙarar da ka ji. Ko wane gam ka sa wa jiƙaƙƙen katako, haka za ta faru.

Ga yadda za ka yi. Ka jiƙa, ka lanƙwasa shi a kan jirgin daidai inda zai zauna, ka kafe shi da fil ɗin teloli, ba gam ko ɗigo. Ka bar shi ya bushe a wurin. A wannan zafin, wanda ka kafe da safe kafin azahar ya bushe. In ka zare fil za ka ga ya riƙe lanƙwasar da kansa. Sai a lokacin za ka ɗauko gam. In kana gaggawa, ka riƙa goga jiƙaƙƙen katakon a jikin butar shayi mai zafi, ko ƙarfen darma na masu gyaran rediyo, kana tanƙwarawa a hankali. Zafin yana tausasa shi yana kuma busar da shi.

Wajen goshi akwai wata magana. Haƙarƙarin can ba su kai na tsakiya girma ba, amma yawan katakan da za su bi ta kansu ɗaya ne. Dole kowane katako ka riƙa rage masa faɗi yana dosar goshi. Ka kuma goge bakin haƙarƙarin da samfefa har ya bi karkatar jikin jirgin, don katako ya kwanta a kan bakin duka. In a kan kaifi ɗaya ya zauna, gam bai da wurin kamawa, kuma nan ne yawanci yake fara ɓallewa.

Gam ɗin da za ka nema shi ne farin gam na kafintoci, wanda aka rubuta wa "colle à bois" ko "colle blanche" a jikin roba. Katako da katako, babu kamarsa. Yana shiga cikin jijiyar itacen, yana ba ka lokacin gyara zaman abu, ba ya yaji, kuma da ruwa ake wanke shi. Amma ka kula wajen saye. Kada ka karɓi wanda ake ɗurawa a leda ko a tsohuwar gorar ruwa, ba ka san ruwan da aka ƙara masa ba. Ka sayi ƙaramar roba rufaffiya. In ka buɗe warin tsami ya buge ka, ko ya yi gudaji, ko yana jan zare in ka ɗaga tsinke, ya tsufa a rana, mayar masa. Kuma ko mai kyau ne a ido, ka gwada: ɗauki guntaye biyu daga ragowar katakon kwalin, ka manna, ka matse, ka bari sai gobe war haka, ka karya. In katakon ne ya yage ya bar tsiraran jijiya a jikin ɗan uwansa, gam ɗin ya yi. In sun rabu sumul, zubar da shi.

Shafawa da tsinken sakace za ka yi, ba daga bakin roba ba. Ka zuba kaɗan a marfin kwalba, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ka shafa a bakin kowane haƙarƙari, ka kuma bi gefen katakon da ya riga ya zauna, don sabon ya kama ɗan uwansa. Mutane da yawa gefen nan suke mantawa, alhali shi ne ke mayar da jikin jirgin abu ɗaya. Shafi siriri ya isa. In ka matse ka ga ƴan ƙananan ɗigo sun tsattsafo, daidai ke nan; in yana zuba, ya yi yawa.

Masu yin gam ɗin suna rubuta cewa kana da minti 5 zuwa 10 kafin ka haɗa. Wannan lissafin ƙasarsu ne. A rumfata da tsakar ranar bazara, kafin ka gama shafa wa katako na biyu na farko ya yi fata, kuma in ya yi fata ya daina kamu, ko da kuwa ka ga kamar ya manne. Don haka katako ɗai-ɗai, ka kashe fanka, ka yi aikin bayan asuba ko da dare. Ka sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kada ka gama gefe guda tukuna, sai ƙashin bayan ya karkace. Matsewa kuwa ba sai ka sayi komai ba: fil, abin maƙale shanya, da robar cikin tayar moto da aka yanka siri-siri. Rabin awa zuwa awa ɗaya ka cire matsi, amma kada ka goge da samfefa ko ka ja shi sai ya kwana.

Wanda ya tsattsafo ka share tun yana ɗanye da ɗan tsumma mai laima. In ya bushe a kan katako ba a ganinsa, sai ranar da ka shafa berni wurin ya fito fari ɓaro-ɓaro, don ya toshe jijiyar.

Abin da ka riga ka manna, ɓare shi. Na san ba daɗi. Amma farin gam ba ya kama inda sufa gulu ya zauna, ya riga ya mayar da wurin gilashi. Ka kankare bakin haƙarƙarin da reza har ɗanyen katako ya fito.

Abokinka kuma ka gaishe shi, amma gam ɗin takalmi ba na wannan wurin ba ne. Roba ce, ba ta taɓa sandarewa. Katakon da ke son miƙewa zai yi ta janta a hankali, zafin kwano na taimaka masa. Ka dubi teburan da aka lulluɓe da fomika a shagunan garin nan, ka ga yadda kusurwoyinsu ke ɗagowa.

Mushen Ader:

Salamu alaikum. Baba, Allah shi ƙara girma, kun gama maganar katako. Ni daga Tawa nake, kimiyya nake koyarwa, bari in ɗan ƙara a kan sufa gulu, don kada ƙanenmu ya ɗauka ba shi da amfani kwata-kwata.

Mi ya sa wani ya kama nan take wani ya ƙi? Sufa gulu ba bushewa yake ba yadda farin gam ke bushewa. Farin gam ruwa ne ke fita daga cikinsa. Shi kuwa laima yake nema, ƴar laimar da ke kan abu da wadda ke cikin iska ita ce ke sandarar da shi. Masu yin sa suna son laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Mu nan da rana a hunturu da farkon bazara tana sauka ƙasa da kashi 20. To a kan busasshen katako cikin busasshiyar iska sai ya yi ta jinkiri, kafin ya kama katakon ya shanye shi, tsakanin ya zama babu komai. A kan jiƙaƙƙe kuma sai ya sandare da sauri fiye da kima, ya yi fari, ya yi rauni. Ka ga duka biyun ka haɗu da su. Farin garin nan tururinsa ne da ke tashi ya sake sauka ya daskare, shi ne kuma ke yi maka yaji a ido. Dalilin da ya fi saurin kama yatsa a kan komai ke nan, fata ba ta rabuwa da laima. Asalinsa ma ba don manna katako aka samo shi ba: Harry Coover, wani masanin kimiyya Ba'amurke, ya ci karo da shi a 1942, shi da abokan aikinsa suna neman roba mai haske ta saitin bindiga, sai a 1958 aka fara sayar da shi da sunan Eastman 910.

Inda nake ɗan bambanta da Baba shi ne ƙarshen katako a goshi da ƙeya, wurin da ba inda za ka maƙala matsi. Ni abin da nake yi, in shafa farin gam a ko'ina in bar wuri ɗaya ƙarami a ƙarshe, in sa ɗigon sufa gulu mai kauri, wanda aka rubuta wa "gel", in huro masa iskar baki sau ɗaya, in danne. Shi ya riƙe na ɗan lokaci, farin gam ya yi aikin gaske. Kada dai su cakuɗu wuri ɗaya.

Ɓare tsohon aiki kuma, aseton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, ke narkar da sufa gulu. Ka ɗiga a mahaɗar, ka jira, ka zura reza. Farin gam shi ma yana warwaruwa da alkol na farmasi ko ruwan ɗumi, wanda babbar riba ce ga mai koyo. Saboda haka in ka ga robobi biyu, ɗaya D2 ɗaya D3, ɗauki D2. Alamun ƙa'idar Turai ne ta EN 204, daga D1 zuwa D4, suna nuna juriyar ruwa. D3 na wuraren da laima ko ɗan ruwa ke yawan taɓawa ne, kuma ya fi wuyar warwarewa. Jirginka ba zai ga ruwa ba. In yayanka zai sake aiko kaya, akwai wani gam mai launin ruwan ɗorawa na Amurka, Titebond Original, da masu wannan aiki ke so don yana saurin kamu kuma yana goguwa da samfefa ba ya danƙo. Sai dai saurin nasa a zafinmu ba lallai ya zame maka alheri ba.

Igwa da sauran ƙarafa, farin gam ba ya kama su, ba su da jijiyar da zai shiga. Nan Araldite ne, mai tib biyu da ake haɗawa daidai wa daida. Tun 1946 kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi. Akwai mai minti 5, akwai mai jinkiri. Ka nemi mai jinkirin. Irin wannan haɗin, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan raba lokacinsa biyu, kuma minti 5 ɗin an auna shi ne wajen digiri 20 zuwa 25. Yi lissafin ɗakin kwano a Afrilu, lokacin da inuwa ma take haura 40. Ka dama kaɗan a kan kwali, ka baje shi, don in ya taru wuri ɗaya yana ɗumama kansa ya ƙara sauri. Ka kankare ƙarfen inda zai zauna, ka goge da alkol, kuma kada ka manna a kan fenti, fentin ne zai ɓalle ya tafi da igwar. Ka kiyaye shi daga fatarka, yana sa wasu ƙaiƙayin da ba ya barinsu.

Ajiya: sufa gulun da aka buɗe ba ya daɗewa a nan, ka riƙa sayen mafi ƙanƙantar tib. Wanda ba a buɗe ba yana son firiji, amma in ka fito da shi ka bari sanyinsa ya fita tukuna kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta shiga ciki. Shi kansa jirgin kada ka ajiye shi can sama kusa da kwano ko cikin motar da aka rufe a rana. Farin gam in ya kai wajen digiri 60 zuwa 70 laushi yake yi. Gam ɗin bindiga mai narkewa ma kada ka kula shi.

Maman Nana:

Sannunku da ƙoƙari. Ni tela ce a Wadata, maganar zare ce ta jawo ni.

Ƙanena, kada ka kuskura ka ɗiga sufa gulu a kan ƙulli. Zare yana tsotse shi ya haura da shi sama, wurin ya sandare ya yi ƙyalli, ranar da hannun riga ya taɓa shi sai ya karye daidai nan. Ka dama farin gam da ruwa rabi da rabi, ka taɓa ƙullin da bakin tsinke, ka bari ya bushe kafin ka yanke jelar zaren. Ba a ganinsa, kuma in kana son kwancewa ɗigon alkol ya isa. Bakin ƙyallen ma haka, ka bi layin da za ka yanka da wannan ruwan gam ɗin, ya bushe, sannan ka sa almakashi, ba zai zare ba.

Kafin ka ɗaura kowane zare ka ja shi ta cikin kakin zuma sau biyu, gashin da ke jikinsa ya kwanta. In ba haka ba ƙurar hunturu a nan za ta maƙale, ka ga igiyoyin sun yi furfura. Kakin kaɗan dai, in ya yi yawa shi ma yana kama ƙura, gam kuma ba ya shiga.

Ka duba zaren kwalin ko na auduga ne. Ƙona bakinsa: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya narke na roba ne. Na auduga yana saki a rani, yana tsukewa in laima ta zo. In ka ja shi tam yanzu, da damina zai ƙara ɗaurewa ya tanƙwara maka siraran sandunan ƙyallen. Ka bar masa ɗan sarari.

Sai abu biyu na tsaro. Sufa gulu in ya zuba da yawa a kan auduga yana yin zafi har hayaƙi ya tashi, yana ƙona fata ta cikin riga, don haka kada ka share shi da auduga ko da bakin rigarka. Na biyu, wasu robobinsa sun yi kama da na maganin ɗigon ido. In akwai yara ko tsofaffi a gidan, ka kulle shi cikin gwangwani nesa da magunguna.

Ɗan Yantala:

Na gode ƙwarai Baba, Mushe da Yaya Maman Nana, Allah ya saka da alheri. Na fara ɓarewa, wasu katakan sun fito lafiya, wasu sun tsage, amma akwai rara a damin. Na sayo farin gam, gwajin ya yi, katakon ne ya yage.

Sauran tambaya biyu. Jajayen siraran na shimfiɗa ta biyu, da na shafa wa guntu ɗaya farin gam don gwaji sai ya naɗe. Yaya ake yi da su? Sannan kakana na ce da ƙaro suke manna komai a da, shi suke sawa a tawada ma. Ba zai yi ba? Ina tambaya ne don in na gama wannan ina son in yi kwale-kwale irin na bakin kogi da katakonmu na nan, in ya yiwu da kayan gida duka.

Baba Kafinta:

Madalla ɗana. Naɗewar nan ruwan gam ne ya jiƙa fuska ɗaya ta kumbura, ɗayar tana bushe. Kafin ma ka kai can, ka gyara shimfiɗar farko: garin katako mai laushi, wanda samfefa ta fitar, ka kwaɓa da farin gam kaɗan ka cike ramuka. Garin ya rinjayi gam. In gam ya rinjaya, cikon zai fi katakon tauri, kana gogewa katako na cinyewa shi yana tsaye. Ka goge jikin sumul, ka kakkaɓe ƙurar.

Siraran kuma ga dabarar da muke yi wa bakin tebur. Ka shafa farin gam siriri a jikin jirgin, ka shafa a bayan katakon, ka bar su dabam-dabam har farin ya ɓace. Zai naɗe, ƙyale shi, yana bushewa zai sake miƙewa. Sai ka ɗora shi inda kake so, ka gyara zamansa a natse tunda ba ya kamawa, ka sa takarda a kai, ka bi da bakin dutsen guga mai matsakaicin zafi. Zafin da Mushe ya ce yana tausasa gam ɗin, shi ne za ka mora a nan. Ka danne da yatsa ko guntun katako har ya huce. Ba fil, ba rami, ba jira. Ka yi a ranar da ka shafa, in gam ya kwana biyu ba ya amsa guga sosai. Nan ne kaɗai zan yarda wani ya ce gam ɗin takalmi yana aiki, don siraran ba su da ƙarfin ja. Amma da shi in ka ɗora a karkace shi ke nan, ga wari mai juya kai, ga kama wuta. Ni guga na zaɓa.

Ƙaro gaskiyar kakanka ne, ga takarda da tawada. Na dakwara ya fi kyau. Amma a katako in ya bushe ƙarau yake karyewa, in laimar Agusta ta zo ya yi danƙo ya saki. Gam ɗin gida na katako shi ne na fata, wanda muka tarar iyayen gidanmu na aiki da shi. Ɗanyar fata ake nema, yankakkun gefe da kunnuwa, irin waɗanda za ka samu wajen majema a Gamkale. Wadda aka riga aka jeme da bagaruwa ba ta ba da gam. A cire gashi, a wanke, a yayyanka, a dafa a ruwa a hankali ba tare da ya tafasa ba, a tace. In ya huce sai ya daskare. Ranar aiki a sa shi a gwangwani, a sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, zafin da yatsa ba ya iya daɗewa ciki, wajen digiri 60. Da zafinsa ake shafawa, yana hucewa yana kamawa, kuma yana jan katakan biyu zuwa juna. Ba ya sulɓewa a hankali yadda na roba ke yi, kuma ko bayan shekaru ruwan zafi na buɗe shi a gyara. Tsofaffin ƙananan jiragen da ke gidajen tarihi na Turai da irinsa aka haɗa su, da ƴan turakun itace. Aibinsa wari, in ya kwana biyu a dame ya ruɓe, kuma ɓera da kyankyaso na sonsa. Ka gama wannan da farin gam tukuna, hannunka ya faɗa.

Kwale-kwalen, maɗaci ya fi dacewa da kamanninsa, kuma guntayensa ba su da wuyar samu a Katako. Ka zaɓi wanda ya daɗe a rumfa ya bushe, ka goge fuskar da za ka manna a ranar da za ka manna ta. Farin katakon samba ya fi daɗin yanka amma ƙwaro na cin sa, in ka ga ƴan ramuka da gari a ƙarƙashi kada ka ɗauka. Ka je bakin kogi ka dubi yadda aka jera ƙusoshi a jikin na gaske. A naka, bayan gam ya kwana, ka huda da allura ka cusa siririn tsinken gora da ɗigon gam, ka yanke ka goge. Yana ba da kamannin ƙusa, yana kuma ƙara riƙo a goshi.

Mushen Ader:

Ƙari ɗaya a kan ɓarewar da kake yi. Ruwan goge jan farce da ake sayarwa a shagunan kwalliya, wani ba aseton a cikinsa, wani kuma an haɗa shi da mai don kada fata ta bushe. Man nan in ya shiga haƙarƙari, farin gam ba zai kama wurin ba. Ka nemi tsantsar aseton wajen masu sayar da fenti, ka yi aikin a tsakar gida nesa da murhu da butar shayinka, ka bar katakon ya sha iska awa ɗaya, sannan ka bi bakin da samfefa kafin sabon gam.